Yadda ake gwada amfilifayar jita ta aikin hannu a wajen baje koli ba tare da kunne ya yaudare ka ba

Wani ƙanena da muke kiɗan biki tare a nan Jidda ya ce min zai hau Riyad wajen baje kolin kayan sauti, wai ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya ga ko zai dace da amfilifayar jita mai kwalba irin ta aikin hannu, ya ce Yaya me zan duba in na je? Na fara yi masa bayani ta saƙon murya sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙo ɗaya, shi ne na ce bari in zauna in rubuta, ko wani ma ya amfana. Ni kaina na taɓa kwasar kuɗi na sayi amf, wato amfilifaya, a wani baje koli saboda daɗin da ya yi min a cikin zauren, da na kawo shi gida sai na ji kamar an musanya min da wani. Ba a musanya komai ba, kunnena ne hayaniyar wajen ta ruɗa, kuma tun daga ranar na tsara wa kaina yadda nake gwaji.

Bari mu fara da gane abin da ake nufi. In an ce amf na aikin hannu ana nufin wanda ƙaramin kamfani ko ma mutum ɗaya ya haɗa a ɗan shagonsa, 'yan kaɗan a shekara, galibi da kwalabe, wato 'yan bututun gilashin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, waɗanda masu gyara ke kira bawul, kuma sau da yawa wayoyin ciki da hannu aka jona su ɗaya bayan ɗaya. Uban tafiyar shi ne Alexander Dumble na Kalifoniya wanda ya rasu a 2022, duk rayuwarsa wajen amf 300 kawai ya haɗa, yanzu ko na hannu ka samu sai dubun dubatan daloli. Cikin kamfanonin akwai Matchless, akwai Dr. Z da ke Ohayo, Carr, Two-Rock, Tone King, Friedman da sauransu. Amma abin da nake so ka riƙe shi ne kusan dukkansu daga gida uku suka fito. Gidan Fender, masu kwalba 6V6 ko 6L6, sauti garau mai faɗi, ƙasan sauti da samansa, wato bes da tirebul, sun fito tsakiya ta ɗan lafa, kamar Deluxe Reverb mai wat 22. Gidan Vox, masu EL84, sauti mai ƙyalli da saurin fara gurnani, wato kaushin da sauti ke yi in an ɗaga ƙara, AC30 ne kakansu kuma DC-30 na Matchless jikansa ne. Sai gidan Marshall da Jim Marshall ya fara a Landan a 1962, wanda daga baya aka san shi da EL34, tsakiya cike, gurnani mai kauri, nan Friedman yake. In ka san gidan da amf ya fito tun kafin ka taɓa shi ka san abin da za ka nema a wajensa, ba za ka je kana zargin ɗan gidan Vox don bai yi maka sanyin Fender ba.

Mataki na farko a gida ake yin sa, ba a zauren ba. Ka duba jerin masu baje kaya a intanet ka tabbatar akwai abin da za ka je dominsa. Babbar kasuwar wannan harka ita ce NAMM da ake yi a Anaheim ta Amurka duk watan Janairu, can ne masu haɗawar da kansu suke tsayawa a rumfa. Na Riyad, wato SLS Expo, ƙarfinsa a kayan dandali yake, manyan sifiku da fitilu, don haka kar ka sayi tikitin jirgi sai ka ga sunan wakilin da ke kawo kayan jita, in da hali ka kira shi ka tambaya wane amf zai kawo kuma za a bari a jona a kaɗa ko na kallo ne kawai. Ka yi rajistar shiga da wuri. Sannan ka zaɓi guda huɗu ko biyar, kar su wuce haka, kunnen ɗan Adam ba ya riƙe bambancin sauti goma a wuni ɗaya, daga na shida komai zai koma maka iri ɗaya.

A gidan dai, ka zauna ka amsa wa kanka tambaya ɗaya da gaskiya: a ina zan kaɗa wannan abin? Mu nan aikinmu bai wuce biki a istiraha ba, wato gidan shaƙatawa na haya, ko zauren ɗaurin aure, ga mai ogan ga masu ganga ga mawaƙi, sai kuma atisaye a shigga, wato gidan haya a bene, inda maƙwabci ke jin tarinka ta bango. Wanda amsarsa ke nan ba shi da abin yi da amf mai wat 100, ko da kyauta ne.

Abin da za ka ɗauka. Jitarka, wannan ba sasantawa. Jitar da ke rataye a rumfa an zaɓe ta ne don ta yi wa amf ɗin ado, ba ka san maganaɗisun da ke ɗaukar sautinta ba, ba ka san nauyin tsirkiyarta ba, in sautin ya yi daɗi ba za ka san ko jitar ce ko amf ɗin ba. Ka sa mata sabbin tsirkiyoyi kwana biyu ko uku kafin tafiya don su zauna. Ka ɗauki wayar jonawarka, da ɗan robar kaɗawar da ka saba da shi, da feda ɗaya, wato na'urar canza sauti da ake takawa da ƙafa, wadda ka fi dogara da ita, da abin saita tsirkiya, da ɗan littafi da biro, da abin toshe kunne. A wayarka kuma ka sauke manhajar auna ƙarar sauti, akwai na kyauta da yawa, ba sai mai tsananin daidaito ba tunda kwatantawa kawai za ka yi da ita.

Ka shirya abin da za ka kaɗa tun daga gida, gajeru guda uku, kowanne bai wuce daƙiƙa ashirin ba. Ɗaya na bugun tsirkiyoyi gaba ɗaya a buɗe, ɗaya na tsinka ɗaya-ɗaya da sauri irin salon 'yan Agadas ko irin na Sudan da muke yi a biki, ɗaya kuma sauti guda ka danna ka riƙe ka ji yadda yake mutuwa. Su za ka maimaita a kowane amf ba canji. Na san in mutum ya zauna mutane na wucewa zuciya na son ya nuna gwaninta, to ka danne, ba gasa ka zo ba, kuɗinka ka zo karewa.

Ranar zuwa ka isa ana buɗe ƙofa, lokacin zauren bai cika ba kunnenka ma sabo ne. Ka sa abin toshe kunne duk lokacin da kake yawo tsakanin rumfuna, sai ka zauna gwaji ka cire. Wannan ba tsoro ba ne, masana lafiyar ma'aikata sun ce ƙarar desibel 85 awa takwas ce iyakarta a wuni, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato a 94 awa ɗaya ke nan. Kunnen da ya gaji saman sauti yake fara rasawa, sai ka ga da la'asar mutum yana ta ƙara tirebul yana yabon amf ɗin da da safe zai ce yana sukar kunne.

Da ka isa rumfa ka yi sallama, ka gaisa da muhandis, wato injiniyan da ke tsaye, ka gaya masa irin kiɗan da kake yi da inda kake yi, ka nemi izini kafin ka taɓa komai. Kar ka kunna amf mai kwalba da kanka sai ka ga an jona masa sifika, domin in ya yi aiki ba sifika taransifomar fitar da sauti na iya ƙonewa, kuma tana cikin kayan da suka fi tsada a cikinsa. In kan amf ɗin daban yake akwatin sifika daban, ka duba lambar da ke bayansu ta yi daidai, om 8 da om 8, 16 da 16. A bar shi ya yi ɗumi minti ɗaya ko biyu kafin a fara kaɗawa.

To yanzu ga inda duk maganar take, kuma a nan nake so ka nutsu. Kunne yana son ƙara. In ka ji amf biyu ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙarfi, ko da kaɗan ne, wallahi wanda ya fi ƙarfin za ka ce ya fi kauri ya fi rai ya fi komai, saboda yadda aka halicci kunne in sauti ya yi ƙasa bes da tirebul ne ke fara ɓace masa, in ya ƙaru su dawo. Tun 1933 wasu masu bincike biyu, Fletcher da Munson, suka auna wannan. Masu rumfa sun san haka, ba ma sai da mugun nufi ba, kowa zai so kayansa ya fito. Maganinsa shi ne ka ajiye wayarka a nisa ɗaya daga sifika, a ce taku biyu, ka kaɗa bugunka na farko, ka duba lambar da manhaja ta nuna, ka rubuta. Duk amf ɗin da za ka gwada bayan wannan sai ka murɗa shi har ya kai wannan lambar kafin ka yarda kunnenka ya yanke hukunci. Kar ka duba inda maɓallin ƙara ya tsaya, uku a wani amf ya fi shida a wani, lambobin jikin maɓalli ba awo ba ne.

Haka kuma maganar wat, mutane na ruɗewa a kanta sosai. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kafin kunne ya ji sauti ya ninka sai wat ya ƙaru kusan sau goma. Wato mai wat 50 bai fi mai wat 20 ƙara da wani abin kirki ba, abin da ya fi shi shi ne yana daɗewa garau kafin ya fara gurnani. Sifika ma tana da nata hannun, wadda ke ba da desibel 100 da wat ɗaya ta fi mai ba da 97 da daidai abin da ninka wat zai ba ka. Shi ya sa in rumfa na da kawuna da yawa ka roƙi muhandis ya jona maka su ɗaya bayan ɗaya a akwatin sifika guda, in ba haka ba rabin bambancin da kake ji na sifika ne, Celestion Greenback da Vintage 30 da Jensen kowacce muryarta daban.

Ka fara da maɓallan bes, tsakiya da tirebul a rabi, amma kar ka ɗauka rabi na nufin ba a taɓa sautin ba, a tsarin Fender ko a rabin ma tsakiya a lafe take. Wasu kuma suna da nasu hali, 'yan gidan Vox akwai maɓallin Cut wanda in ka ƙara shi rage saman sauti yake yi. Akwai ma waɗanda maɓalli biyu ne kacal, kamar Carmen Ghia na Dr. Z mai wat 18, ƙara da launin sauti, shi ke nan. Ka ba kowane amf minti biyu na gyara, in a minti biyu bai ba ka abin da ya yi kama da muryar da ke kanka ba to ba naka ba ne, wuce.

Sai gwajin hannu, wanda a wajena ya fi komai. Ka ɗaga ƙarar amf zuwa bakin inda yake fara gurnani, sannan ka kaɗa a hankali kamar kana shafa tsirkiyar, ya kamata ya fito garau, sai ka buga da ƙarfi, ya kamata ya yi gurnani ba tare da ka taɓa wani maɓalli ba. Sannan ka rage ƙarar da ke jikin jitar daga goma zuwa shida ko bakwai ka ji, amf na kirki zai wanke ya koma tas amma bai dushe ba, wani kuwa sai ya koma kamar an rufe shi da bargo. Wannan biyayya ga yatsu ita ce ainihin abin da kake biyan kuɗi mai yawa dominsa, kuma ba a jin ta a bidiyon YouTube, sai jita na hannunka. Ka lura kuma da yadda yake karɓar bugu mai ƙarfi, masu kwalbar daidaita wuta irin GZ34 suna ɗan lanƙwasawa kafin su dawo, wasu makaɗan na son wannan laushin, amma in tsinka mai sauri kake yi irin namu na biki wataƙila ka fi son wanda ke amsawa nan take. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kar ka tsaya wuri ɗaya. Sifika tana harba saman sauti ne kai tsaye daga tsakiyarta, in amf na ƙasa kai kana tsaye gwiwoyinka ne ke jin tirebul ba kunnenka ba. Ka tsuguna daidai gabanta ka ji abin da makirufo da mutanen sahun gaba za su ji, ka koma gefe, in kana da abokin tafiya ka ba shi jitar ka ja baya taku goma. Hayaniyar zauren ma a nan tana da amfani, domin ta yi kama da wajen biki: amf ɗin da ya ratsa ta ka ji kowace tsirkiya daban shi ne zai ratsa ogan da ganguna. Mai bes da yawa da tsakiya lafaffiya yana da daɗi in kai kaɗai ne, cikin taro kuwa nutsewa yake.

Bayan haka ka daina kaɗawa gaba ɗaya, ka rufe ƙarar jitar, ka kara kunne kusa. Ɗan huci ba laifi, amma gunji mai kauri ko ƙarar tas-tas ko wani kuka kamar ƙararrawa in an ɗan ƙwanƙwasa akwatin, wannan ka tambaya. Kwalbar EF86 da ake sawa a wasu 'yan gidan Vox tana da daɗin sauti amma an san ta da saurin kama girgiza, wanda zai riƙa ɗora amf a bayan mota daga Jidda zuwa Makka duk mako ya san da haka. Sannan ka jona fedarka ka ji ko sun jitu. In akwai amsa-kuwwa a jiki ka gwada ta kaɗan da kuma da yawa, sai ka kashe ta ka sake kaɗawa, domin amsa-kuwwa na rufa wa amf asiri.

Abu na ƙarshe a kan sauti, ka rage shi zuwa ƙarar da za ka iya yi a shigga bayan isha'i ka ji me ya rage. Nan ne nawa ya ba ni kunya, a zaure kamar zaki, a ɗaki kuwa siriri ba rai, domin daɗinsa sai an buɗe shi sosai. Ka nemi mai babban maɓallin ƙara na biyu mai kyau, ko mai rage wat, ko wanda aka gina masa na'urar shanye ƙarfi a ciki kamar Imperial na Tone King.

Ka rubuta abin da ka ji nan take kafin ka bar rumfar, da kalmominka, ko da "kauri amma yana dushewa in na rage jita" ne kawai. Ka ɗauki sautin a waya daga nisa ɗaya a kowanne, duk da waya na matse sauti tana taimaka wa tuni. Bayan amf biyu ka fita, lokacin salla ya ishe ka hutun kunne, ka yi alwala ka yi salla ka sha shayi a waje mai shiru sannan ka dawo.

In biyu sun rage, kafin ka yi maganar farashi ka juya bayan amf ɗin ka karanta wutar da yake ci. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Na kasuwar Amurka bolt 120 ne, mu kuma nan ƙasar ta koma 230, ka jona shi kai tsaye ka gama da shi. Kar kuma ka ce ai tsohon gidanmu akwai soket na 127, ya ɗara abin da aka gina shi a kai, kwalabe za su riƙa cin wuta fiye da ƙima suna saurin mutuwa. Ka nemi wanda aka yi don 230 ko mai maɓallin sauyawa, ɗaukar taransifoma daban zuwa kowane biki wahala ce. Wanda kuma ke da niyyar tura shi gida Kano ko Khartum wata rana ya duba an rubuta 50/60, domin wutar Saudiyya hats 60 ce, ta Najeriya da Sudan 50, kuma taransifomar da aka naɗa don 60 kaɗai tana ɗaukar zafi a 50. Filogin ya zama mai ƙafa uku da wayar ƙasa mai aiki, kar ka yarda kowa ya cire maka ita don kashe gunji, makaɗin da ke riƙe da tsirkiya leɓensa na kusa da makirufo ransa ne a kan wannan wayar.

Ka tambayi muhandis: in ya lalace wa zai gyara a nan ƙasar, garantin na wata nawa ne kuma ya haɗa da kwalabe, sannan in an canza manyan kwalabe sai an saita su ko shi ke saita kansa? Masu saita kansu sun fi sauƙi ga wanda ba shi da mai gyara a kusa. Kwalabe irin 12AX7, EL84, 6V6, 6L6 da EL34 har yanzu ana ƙera su, JJ na yi a Silobakiya, ana yi a Rasha da Sin, amma in amf na cin wata baƙuwar kwalba ka sayi ta ajiya tun a ranar. Ka ɗaga shi da hannu ɗaya ka yi taku goma, AC30 mai sifika biyu ya haura kilo 30, ka tuna benen gidanku. Kuɗi kuma ka yi lissafi da riyal, dala ɗaya riyal 3.75 ce, amf na dala 3,000 ya zama riyal 11,250, ka ɗora harajin kashi 15 cikin 100 ya kusa 13,000, ban da dako.

Kar ka biya a ranar farko. Ka koma masauki ka saurari abin da ka ɗauka, ka karanta rubutunka, washegari da safe ka dawo ka gwada biyun nan kaɗai, in muhandis ya yarda ka juya baya abokinka ya riƙa sauya maka waya ba ka san wanne ke magana ba, sau uku ko huɗu. Wanda ka zaɓa ka tambaya ko za su sayar maka da wannan ɗin da ka gwada in an tashi baje kolin, sau da yawa sun fi son haka da su sake naɗe shi, kuma kai ma ka san shi ka ji ba ɗan'uwansa na cikin kwali ba. A bar shi ya huce kafin a ɗauka, a ba ka fatura, wato rasit, mai lambar jikinsa, kuma ka sa shi a kujerar baya inda sanyin mota ke kaiwa, ba a but ba.